Injunan Lahadi da Hatimin Baba Iliya

Stratford, Landan
Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a cikin jirgi ne ko bayan kun sauka Kano. Allah ya tsare hanya, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na san za ka yi mamakin uba ya rubuta wa ɗansa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Ka san halina, idan na ɗauko magana mai nauyi da baki, sai in ɓige da zancen mota. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Kai da ake yi wa magana da Hausa ka amsa da Turanci, yanzu sai ka zauna ka yi ta haɗa baƙi, ko ba komai ka fara gyara bakinka kafin mutanen Kaduna su same ka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi duka. Za ka kama aiki a sabuwar masana'antar haɗa motoci ta Kaduna, a sashen da Baba Iliya yake shugabanta, kuma a gidansa za ka sauka. Kana tuna shi sarai, shi ne yake ɗaukar ku kai da Hauwa ku haye kogi a jirgin ruwan Woolwich, ku je ku dawo, ku sake komawa, don kawai ba a biya. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Mama Saratu, ku suka mayar 'ya'ya. To, akwai abin da na yi wa mutumin nan wanda ba ka sani ba, kuma ba na so ka durƙusa ka gaishe shi, ka ci tuwon gidansa, ba tare da ka san abin da ubanka ya yi ba. Zan ɗauko maka daga farko, domin laifin ba rana ɗaya ya faɗo ba.

Na zo ƙasar nan ne kwas ɗin kanikanci na shekara biyu. Kwas ya ƙare, na ce bari in ƙara shekara ɗaya in ga yadda ake ƙera inji daga tushe, shekarar nan ce har yau ba ta ƙare ba. Na sami aiki a masana'antar motoci ta bakin kogi, a layin manyan injuna, masu silinda shida da masu takwas, waɗanda akasarinsu Amurka ake kai su. Bencina yana can ƙarshen layi, inda ake fara tayar da inji. Aikina shi ne daidaita kafireta, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Akwai wani ɗan sukuru a jikinta, idan ka murɗa shi ciki inji ya rage shan mai, idan ka sassauta shi ya ƙara sha. A lokacin ba mu da wata na'ura, kunne ne kawai. Kuma ba yabon kai ba, Magaji, ubanka yana da kunne. Foman ɗinmu, wani Bature da muke kira Mai Lofe saboda lofe ba ya barin bakinsa ko babu taba a ciki, idan aka yi baƙi sai ya kawo su bencina ya sa in rufe ido in daidaita inji. Su yi tafi, ni kuma in dawo gida kaina ya kumbura, mahaifiyarka ta rasa inda za ta ajiye ni.

A wannan benci na sami Iliya. Makonsa na farko sifana ta kuɓuce ta daki yatsansa, sai na ji mutum ya ce "wayyo Allah" da Hausa tsantsa a tsakiyar ƙarar injuna. Na juyo na ce, "Sannu. Daga ina?" Ya ce, "Kagoro." Shi ke nan, shekara takwas muka yi kafaɗa da kafaɗa, flas ɗin shayi ɗaya, yaji ɗaya a aljihu saboda abincin kantin masana'anta.

Muna da wani tsari tsakaninmu. Ranar Juma'a nakan sulale da tsakar rana in tafi masallacin Regent's Park, hanya ce mai nisa, sai an canja jirgin ƙasa. Kowane inji yana da kati a rataye, wanda ya daidaita shi sai ya buga hatiminsa mai lamba. Idan na tafi, Iliya yana yin nasa ya yi nawa, ya buga mini hatimina. Mai Lofe ya san ina fita, yakan kawar da kai muddin injuna sun cika. Ni kuma duk lokacin da sunan Iliya ya faɗo a aikin Lahadi, ni nake zuwa a madadinsa, don shi ne mai jan waƙa a cocinsu. In buga katinsa na shiga aiki a ƙofa, in yi aikin, in buga hatiminsa. Foman ɗin Lahadi daban ne, kuma bawan Allah nan bai taɓa iya bambance baƙar fata biyu ba, kullum "morning, Elijah" yake ce mini, wato sunan Iliya da Turanci, ni kuma in amsa. Doka ce a rubuce cewa wanda ya buga katin wani, kora ce, da shi da mai katin. Mun sani, amma mun ɗauke shi taimakon juna a kan ibada, kuma har yau ban ga aibun niyyar ba.

Sai ga tsadar mai ta zo. Kana da wayo lokacin, ka tuna layin motoci a gidan mai na kan babban titinmu, da yadda aka hana kowa wuce gudun mil hamsin a awa. A daidai lokacin ne kawunka Sule yake rubuto mini daga Kano cewa kuɗi sun shigo gari, malamin makaranta ma ya sayi mota. Man da yake cika aljihun 'yan'uwanmu a gida shi ne ya fara taɓa abincinmu a nan. Daga baya Amurka ta yi doka a kan tafiyar da motocin kowane kamfani za su yi da galan ɗaya. A nan ma aka ce kowace sabuwar mota sai an gwada ta, an liƙa mata takarda mai nuna man da take sha. Masu saye suka koma karanta takarda kafin su buɗe gaban mota, kuma takardar manyan injunanmu ba ta da daɗin karantawa.

Kuskurena na farko a nan yake. Kamfani ya kafa sanarwa a allo cewa za a faɗaɗa layin ƙananan injuna, duk mai so ya sa sunansa a kwas, sau biyu a mako bayan an tashi aiki. Iliya ya karanta ya zo ya same ni.

Ya ce, "Malam Garba, zo mu je mu yi signing."

Na ce, "In koyi me? Injin keken ɗinki? Iliya, Turawa ne fa, tsoro ne ya kama su. Mai zai sauko, kowa ya koma wa babbar mota."

Ya ce, "In ya sauko, ba mu yi asarar komai ba. In bai sauko ba fa?"

Na yi dariya na ci gaba da aikina. Da na ba mahaifiyarka labari ina jiran ta taya ni dariyar, sai ta ce, "Malam, ko ni idan gas ya yi tsada ƙaramar tukunya nake ɗorawa. Ka je ka sa sunanka." Na ce mata tukunya daban, mota daban. Iliya ya yi kwas ɗinsa wata shida ya karɓi takarda, ni ina gida ina kallon dambe a talabijin.

Magaji, duk ranar da ka ji kana raina wani sabon abu a sana'arka, ka tsaya ka tambayi kanka ko rainin gaskiya ne ko tsoro ne ya sa riga. Nawa tsoro ne. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ana kawo baƙi su kalle ni, ban so in zauna a aji in zama wanda bai sani ba. Kai za ka je wurin da mai ya fi ruwan famfo araha, kowa yana son mota mai ƙugi, za su ce maka karatun tattalin mai da ka yi a kwaleji ba shi da amfani a can. Kada ka yarda ka manta shi. Ni ma na taɓa zama a ƙasar da ta ɗauka mai ba zai taɓa tsada ba.

Akwai ma wani abu da ya kamata in ba ka haƙuri a kansa. Wata rana ka dawo daga kwaleji da littafi, kana murna kana nuna mini zanen na'urar auna hayaƙi, ka ce tana ganin abin da kunne ba ya ji. Na ce maka da kunnen nan aka saya maka littafin. Ka rufe shi ka shiga ɗaki, ba ka ƙara nuna mini wani littafi ba. Kai ke da gaskiya, kuma na san haka tun a lokacin. Ka yafe mini.

Ba a daɗe ba sai ga na'urar da kanta a bencinmu. Akwati ce mai allura, a soka tiyonta a salansa, a murɗa sukuru har allura ta tsaya a kan jan layi, sannan a toshe kan sukurun da wata 'yar hular roba don kada wani ya sake taɓa shi. Ta haka ne kamfani yake fatan manyan injuna su tsallake gwaji su ƙara kwana. Aikin da na yi shekaru ina taƙama da shi ya koma abin da kowa zai koya a wuni ɗaya. Kuma a kunnena injin da aka tsayar a jan layi yunwa yake ji, yana wata 'yar shessheka da ba na iya jurewa. Ranakun mako Mai Lofe yana tsaye a kanmu, dole in bi allura. Amma ranar Lahadi babu mai kallo. Sai in kai allura jan layi, in waiga, in sassauta sukurun kwata ɗaya, inji ya yi ajiyar zuciya, in buga hular roba a kai. Sannan in ɗauki hatimi in buga a kati. Hatimin Iliya.

Wallahi ban yi don in cuce shi ba, ko tunanin hatimin ban yi ba. A raina ina taimakon injin ne, ina taimakon wanda zai sayi motar. Ban san ana zarar wasu injuna daga kowane rukuni a kai ɗakin gwaji ba, don a kwas ɗin da na ƙi zuwa aka yi bayanin wannan.

Ɗana, idan aka sa doka a wurin aiki kuma kana ganin ba daidai ba ce, ka je ka faɗa da bakinka a gaban wanda ya sa ta. In an ji, to. In ba a ji ba, ka bi ta ko ka bar wurin. Gyaran ɓoye shi ne mafi muni, domin mai yinsa yana jin kansa gwani, kuma bai san a kan wa abin zai faɗo ba. Sannan duk abin da za ka yi da sunan wani, ka yi shi fiye da yadda za ka yi da naka.

Wata Talata da safe Mai Lofe ya zo da wasu mutum biyu masu fararen riguna, aka turo injuna uku a kan amalanke. Aka kira Iliya. Ina tsaye bai fi taku huɗu ba. Suka ɓalle hular roba ta farko, suka soka tiyo, allura ta wuce jan layi. Ta biyu haka, ta uku haka. Suka nuna masa katunan, duk lambarsa ce. Suka ce saboda wannan sai an dawo da rukuni guda an sake dubawa, kuma shi da ya yi kwas ba shi da hujjar cewa bai sani ba. Iliya ya kalli injunan ya daɗe, sannan ya ce, "Sorry, sir." Bai kalli inda nake ba.

Na buɗe baki, Magaji, na rantse na buɗe. Sai lissafi ya zo mini. In na yi magana, zancen katin Lahadi ya fito, mu biyu za a kora. In na yi shiru, gargaɗi kawai za a ba shi, abin ya wuce. Na rufe bakina na ce a raina ai don shi ma na yi. Da aka tashi shan shayi na zuba masa, ya karɓa ya sha, muka yi zancen ƙwallo.

Abin bai wuce ba. Bayan wata biyu aka sanar cewa za a rufe layin manyan injuna gaba ɗaya. Ƙungiyar ma'aikata ta yi ta zama da kamfani, aka tashi a kan cewa za a ɗauki wasu zuwa layin ƙananan injuna, sauran a sallame su. Bencin ƙarshe na sabon layi mutum ɗaya yake buƙata daga cikinmu. Kowa ya san na Iliya ne, shi ke da takardar kwas. Da aka kafa sunaye a allo sai ga nawa, babu nasa. Mai Lofe ya dafa kafaɗata ya ce sun fi son mai tsabtar fayil, sauran zan koya a kan aiki. Na tsaya gaban allon nan ina karanta sunana kamar ban iya karatu ba. Wannan ce dama ta biyu da Allah ya ba ni in yi magana, ita ma na bar ta ta wuce. Na tuna ku huɗu kuna makaranta, na tuna gidan haya, na ce gobe. Goben ta yi ta matsawa har Iliya ya haɗa kayansa, na ɗauke su a motata shi da Mama Saratu na kai su filin jirgi.

Ba Iliya kaɗai layin nan ya tafi da shi ba. Akwai wani dattijo ɗan Ailan da ya shekara talatin yana ɗaura fistin, akwai 'yan Jamaika biyu masu barkwanci da suka koma tuƙin bas, akwai matar da ke sayar mana da shayi a bakin ƙofa, ita ma ta nannaɗe rumfarta. Na daɗe ina zagin dokar mai a kansu. Amma in gaya maka gaskiya, da na shiga sabon layi sai na tarar an ɗauki samari da yawa waɗanda da ba su da aiki, kuma ƙananan motocin nan su suka riƙe masana'antar har yau ba a rufe ta ba. Dokar ta ɗauke wa wasu abinci ta ba wasu, kuma ba ta tambayi kowa ba. Wannan na iya cewa ba laifina ba ne. Amma wanda zai zauna a bencin nan tsakanina da Iliya, ba doka ce ta zaɓa ba, ni na zaɓa.

Na koyi injin keken ɗinkin nawa a hannun wani yaro sa'anka, kuma abin kunya, na zo na ƙaunace shi. Inji ne mai ladabi, ba ya cin abin da ya fi ƙarfinsa. Na'urar ma mun shirya da ita, yanzu kunnena yakan gaya mini inda allura za ta tsaya kafin ta tsaya, sai in bar ta ta yi magana ta ƙarshe. Alhamdu lillahi, ban rasa komai ba. Kun yi karatu, Hauwa tana koyon aikin jinya, tagwaye suna cinye mana burodi, mahaifiyarku tana da ƙawayenta na kasuwar Woolwich. Ni mutum ne mai godiya, kuma yawancin kwanakina masu daɗi ne.

Shi ma Iliya Allah ya buɗa masa. Ya isa gida daidai lokacin da ake neman duk wanda ya taɓa riƙe sifana a Ingila, ga shi da takardar kwas, nan da nan ya zama babba. Duk Kirsimeti Mama Saratu takan aiko da kati, mahaifiyarka ta amsa, ni in sa hannu a ƙasa. Kuma a nan na yi kuskuren da ya fi daɗewa. Duk lokacin da abin ya taso mini sai in ce ai alheri ya zame masa, da yana nan da har yanzu yana benci cikin sanyi. Na mayar da arzikin da Allah ya ba shi sabulun wanke laifina. Kada ka taɓa yin haka. Idan ka cuci mutum kuma Allah ya ɗaga shi, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, naka laifin yana nan inda ka bar shi.

Shekara huɗu ina haka, har ranar da ka shigo da takardar ɗaukar aikinka muna cin abinci, kana tsalle kana cewa a ƙarƙashin Baba Iliya aka sa ka. Ka ga na ajiye cokali, na ce yaji ne ya sarƙe ni. Washegari bayan kun fita na zaunar da mahaifiyarka na gaya mata komai. Ta ɗauki tsumman kicin, ta ninke ta warware.

Ta ce, "Shekara huɗu ina rubuta wa Saratu 'muna nan lafiya', ashe abin da ke ƙarƙashi ke nan."

Na ce, "Na ji tsoro ne saboda yara."

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma yaran da ka ji tsoro dominsu, ga ɗaya za ka aika gidansa. Da wace fuska? Ka rubuta masa yau. In ya ce kada yaron ya zo, sai a yi cancel ɗin tikiti, ba mutuwa ba ce."

Kafin in rubuta sai da na je wurin Mai Lofe. Na ce masa injunan Lahadin nan ni na taɓa su, ba Iliya ba, kuma na shirya karɓar duk abin da za a yi mini. Ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya dube ni. Ya ce katunan tsohon layi an ƙone su tun bara, fayil ɗin Iliya ma ba ya nan, mutanen ɗakin gwajin sun bar kamfanin. Ya ce, "Me kake so in yi da wannan yanzu?" Ya ce in koma bencina, injuna suna jira. Na ɗauko gaskiyata da ƙyar na kawo, na tarar babu inda zan ajiye ta. Ka riƙe wannan, Magaji, gaskiya tana da lokacinta, kuma lokacin shi ne sa'ad da faɗinta zai iya cutar da kai.

Na rubuta wa Iliya shafi uku. Ban kawo hujja ko ɗaya ba, mahaifiyarka ta karanta ta soke duk inda na fara da "amma". Na ce masa idan ba ya son ganin ɗana a sashensa, ya faɗa, ba zan ga laifinsa ba. Mako biyar muna jira. Kai kana ta sayen akwati da takalma, ni ina sauka ƙasa kowace safiya kafin kowa in duba ƙofa. Ran Alhamis da ta wuce amsa ta zo, kuma zan kwafe maka ita yadda take.

"Malam Garba, takardarka ta zo. Na karanta ta a tsaye a bakin ofis, na sake karanta ta a zaune. Abin da ka rubuta ba labari ba ne a wurina. Tun da suka nuna mini katin na ga ranar Lahadi ce, ai na san inda nake ran Lahadi. Na yi shiru ne don in na yi magana mu biyu za a kora, kai kana da yara huɗu, ni kuma dama zuciyata tana gida. Aikin na bar maka shi da raina ɗaya, ban taɓa nadama ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne shirunka. Ka tuna a filin jirgi na ce wa Saratu ta shiga da kaya, na manta lemata a motarka, muka koma mu biyu? Ban zo da lema ba, Malam Garba. So nake mu tsaya babu kowa, ko za ka faɗa. Ka buɗe but ɗin motar ka yi ta nema, ka leƙa ƙarƙashin kujera, ka ce ba ka gani ba. Na ce ba komai, na tafi. Na yi fushi da kai shekara biyu cur, Saratu ce shaida. Bayan nan na yafe, amma sai yau na sami wanda zan gaya wa. Ka turo mini ɗana. Saratu ta riga ta sa an yi wa ɗakinsa fenti."

Na tuna lemar nan, Magaji. Har gida na zo na ciro kujerar baya ina nemanta, don in aika masa.

To, ka ji wanda za ka je wurinsa, ka kuma ji wanda ka baro. Idan ka isa, ka durƙusa ka gaishe shi gaisuwar uba, ka gaida Mama Saratu, ka ci abin da aka ba ka. Kada ka ba shi haƙuri a madadina, wannan kayana ne kuma na sauke da kaina. Kada kuma ka yi ta sunkuyar da kai a gabansa, ba ka yi masa komai ba. Ka yi masa aiki mai tsabta, idan ka yi kuskure ka je ka faɗa masa a ranar, kafin a turo shi a kan amalanke. In ya yi maka faɗa ka tsaya ka ji, ya fi ni sanin aikin, ya kuma fi ni abin da ya fi aikin.

Mahaifiyarka tana gaishe ka ko da yake tana kicin tana soya maka dambun nama tana share ido, ta ce albasa ce. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka je Kano ka gaida kawunka da sauran dangi kafin aiki ya riƙe ka, ka rubuto mana da Hausa ko da a karkace ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya sa albarka a hannunka da abin da zai taɓa. Allah ya ba ka abokin aiki irin wanda ya ba ni, ya kuma sa ka fi ni riƙe shi. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba